Tambayoyinku: Sinimar Leeds Mai Fitilun Gas

Tambaya: Na ji wai akwai gidan sinima a Ingila da ya haura shekara ɗari, kuma har yau da fitilar gas ake haska cikinsa. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Gaskiya ne. Sunansa Hyde Park Picture House, a birnin Leeds. An buɗe shi a watan Nuwamba 1914, watanni kaɗan da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi bikin cika shekara 100 a 2014. Ƙaramin gini ne na jan bulo a kan kusurwar titi, ga ginshiƙai a bakin ƙofa, ga bene a cikin zaure. Yana cikin gine-ginen da doka ta kare, don haka ba a sauya masa fasali sai da izini. Da ya tasam ma rufewa, majalisar birnin ta saye shi a 1989.

Fitilun guda tara ne a jikin bangon zauren. Ana barinsu da ɗan haske yayin da fim ke tafiya, don ma'aikata su riƙa ganin abin da ke gudana a kujeru.

Tambaya: To, yaya fitilar take aiki, kuma me ke lalata ta?

Amsa: Duk wanda ya taɓa kunna fitila mai famfo ya san sirrin. Harshen wutar gas shi kaɗai ba ya haske sosai. 'Yar jakar zare da aka jiƙa da sinadari ake ɗaurawa a bakin bututun, a ƙone ta karon farko, zaren ya cinye, ya bar ƙwarangwal na toka. Wannan tokar ce ke yin fari tas idan ta yi zafi. Ba ta da ƙwari ko kaɗan: yatsa ya taɓa ta, ko bango ya girgiza, ta ruguje. Idan ta huje, wuta kan ɓullo ta ramin ta dafa gilashin har ya tsage. Idan kuma ƙura ta toshe hanyar iska, wutar ta koma rawaya tana baƙin hayaƙi, nan ne haɗarin iskar guba yake. A ganinmu wahalar ta cancanta, domin da wuya ka sami wani zauren sinima da ya rage da irinsu.

Tambaya: Har yanzu suna nuna fim na faifan zare? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Suna yi, tare da na dijital. Zaren mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, kowane naɗi kimanin minti 20, shi ya sa ake ajiye majigi biyu. Dab da ƙarewar naɗi wani ɗigo yakan bayyana sau biyu a saman allo ta dama. Na farko, mai majigi ya tada injin na biyu. Bayan kimanin daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, sai ya juya hoto da sauti zuwa injin na biyu. Ya makara, 'yan kallo su ga allo wayam.

Gyaran da aka kammala a 2023 ya ƙara ƙaramin zaure na biyu a ƙarƙashin ginin, mai kujeru kusan 50, aka kuma samar da hanyar shiga ga masu keken guragu.