Shagon da ba sunanka a takardarsa, ba naka ba ne

Wani ɗan'uwa daga Katsina ya aiko da tambaya. Ya dawo Maraɗi da zama, yana son buɗe shagon robobi da kayan kicin da zai riƙa sarowa daga Kano. Kawunsa, ɗan gari, ya ce a kama hayar shagon da sunan shi kawun, a yi takardun haraji da sunansa, kuɗin ma su riƙa bi ta hannunsa. Ɗan'uwan yana tambaya ko jarinsa zai ninka cikin wata shida.

Malam, maganar ninkawa ka ajiye ta gefe. Ribar roba ƙanƙanuwa ce, kuɗin mota da duwan (wato kwastan) da dako ne ke fara cin rabonsu. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne kai ka kawo kuɗi, amma babu takarda ɗaya da ke ɗauke da sunanka.

Ba ina zargin kawunka ba ne. Amma idan Allah ya yi masa rasuwa, magada za su lissafa shagon cikin gado, kuma takarda tana bayansu. Idan ana binsa bashi, kayanka za a kama. Idan masu haraji suka zo kan tsohon bashinsa, ƙofarka za su rufe. In kuka saɓa, ko kan abin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya ba da hayar shagon kawu ya sani, kai baƙo ne. Kuma kunya ba za ta bar ka ka kai ƙanin mahaifiyarka gaban alƙali ba.

Baƙunta ba ta hana ka yin rajista. Ka fara gyara takardun zamanka, sannan ka je ofishin Chambre de Commerce, wato cibiyar ƴan kasuwa, na Maraɗi su nuna maka yadda ake samun RCCM, wato rajistar kasuwanci, da NIF, lambar haraji. Takardar haya a rubuta sunanka, kuɗin wata, watanni nawa ka biya gaba, da sa hannun shaidu biyu waɗanda ba ƴan gidan kawu ba. Duk kuɗin da ka biya a duwan ɗin Ɗan Isa da ke bakin iyaka, ka karɓi takardarsa ka adana. Aiken kuɗi ta kamfanin Nita ko Amana, da katinka da lambar wayarka. Idan kawu yana son shiga, madalla, ya san gari ya san masu saye. Sai a rubuta abin da ya zuba da kason ribarsa. Ba rashin ladabi ba ne, Allah da kansa ya yi umarni a rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

Littafinka ya zama ɗaya, kuma da sefa. Kana saro da naira kana sayarwa da sefa, saboda haka kowane sari ka rubuta canjin ranar a gefensa, in ba haka ba za ka ga riba a aljihu, ka koma Kano ka tarar ba ta sayen kayan da ka sayar. Ka kuma iya lissafin kasuwa tun kafin ka buɗe: dala sefa 5 ce, jika 1,000, wanda ya ce maka ɗari yana nufin 500.

Kada ka zuba jarin duka a sarin farko. Kashi ɗaya cikin uku ya zauna a ajiye. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agusta na 2019 har ƙarshen 2020, aka sake rufe ta a 2023 sai Maris na 2024, kuma wanda duk kuɗinsa ke cikin kaya a Jibiya ba shi da abin biyan haya. Bashin da za ka ba masu saye kuwa, a watanni shidan farko kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kayanka, ko da kawu ne ya kawo mai karɓa, sai an rubuta sunansa da ranar biya.