Ga 'yar'uwar da ta ce ta gaji da jira

Salama gare ki 'yar'uwa. Kin ce shekara huɗu ke nan da gama bautar ƙasa, ba aiki, ba maganar aure, ƙannenki sun wuce ki, kin yi azumi har kin gaji, kina tambaya yaya za ki amince da lokacin Allah. Raina ya sosu da na karanta, domin wannan ciwon na san shi, ba labari aka ba ni ba.

Inda ya fi zafi shi ne ranar Lahadi a coci, lokacin ba da shaida. Wata ta fito da rawa tana ɗaga takardar ɗaukar aiki, ke kina tafi kina murmushi, maƙogwaro kuwa ya ɗaure. A tashi sujada, wata mama ta riƙe hannunki a bakin ƙofa: "'Yata, yaushe za mu ci shinkafarki?" Ki koma ɗaki ki turo ƙofa, abincin rana ya huce a kwano ba ki taɓa ba. Waɗanda suka fi ɓata mini rai kuma su ne masu cewa ki binciki kanki, wataƙila akwai zunubi a ɓoye. Haka abokan Ayuba suka dame shi, kuma a Ayuba 42:7 da su Allah ya yi fushi. Kada ki ƙara zama ki saurare su, ko da manya ne. Ki gaishe su da ladabi ki wuce.

Na san an sha karanta miki Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shiri na alheri domin mutanensa. Don Allah ki fara daga sura 28. Wani annabi mai suna Hananiya ya ce wa mutane cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila, magana mai daɗin ji, amma ƙarya ce, kuma a shekarar ya mutu. Wasiƙar Irmiya a sura 29 ga waɗanda aka kai bauta Babila ta ce shekara 70, ta kuma ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su ci amfaninsu. Don haka duk wanda ya yanka miki rana, ya ce ki shuka irin kuɗi kaza cikin kwana 21 ƙofa za ta buɗe, ki riƙe kuɗinki. Ranar za ta zo ta wuce, ki rasa kuɗin, ki kuma fara ganin Allah ne ya saɓa alkawarin da bai taɓa yi ba. Nan ne bangaskiyar mutane da yawa take karyewa.

Ki samu littafin rubutu, ki raba shafi biyu. Gefe ɗaya abin da ba ya hannunki: wanda zai kira ki aiki, wanda zai zo neman aure. Wannan ki kai shi addu'a sau ɗaya da safe, minti goma sha biyar ya isa, ki rufe littafin. In kika yi ta juya shi dare da rana, damuwa ce kike yi da sunan addu'a. Ɗaya gefen abin da ke hannunki: takardar neman aiki biyu ko uku a mako, sana'a guda da za ki koya wata shida ba fashi, adashe ko na ɗari biyar ne. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, mai ba Fir'auna abin sha da suka haɗu a kurkuku ma ya manta da shi shekara biyu cur, amma ko a kurkuku aiki ne a hannunsa.

In bakinki ya mutu, ki karanta Zabura 13 da ƙarfi. Aya shida ce kawai, sau huɗu Dawuda ya ce "har yaushe". Kuka gaban Uba ba rashin bangaskiya ba ne.

Azumin nan kuma ki sassauta. In kina da gyambon ciki, kada ki yi na kwana uku ba ruwa. Yini ɗaya a mako ya wadatar, ba da yunwa ake murɗe hannun Allah ba. In kuma an kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi a ranar, ku je wurin likita tare.

Batun aure ne nake ji miki tsoro. Gajiya takan sa mace ta karɓi wanda ta san ba su dace ba. Ibrahim yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, dabarar gaggawa ce tasa da Saratu, gidan kuwa bai ƙara zama lafiya ba, Hajaratu da ɗanta suka ƙare a jeji. Ki nemi mace ɗaya a Zumuntar Mata ta coci mai riƙe sirri, ɗaya tak, ku riƙa addu'a tare duk mako.

Ki faɗa mana abin da kika karanta da sana'ar da hannunki ya fi karkata, a cikinmu akwai masu shago da masu neman ɗan koyo.