Gwiwar ɗana tana kumbura, kuma ana shirin yi masa kaciya

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 4 gwiwarsa tana kumbura ko bai faɗi ba, kuma da ya ciji harshensa sai da jini ya kwana biyu yana tsattsafowa. Ƙanena ya rasu yana yaro bayan kaciya. Kakar yaron ta ce a kai shi wajen wanzami a yi masa ƙaho, a haɗa da kaciya idan sanyi ya shigo. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, a dakatar da kaciyar nan. Abin da kika bayyana, musamman rasuwar ƙanenki, ya yi kama da hemofiliya, wato ƙarancin sinadarin daskarar da jini mai lamba 8 ko mai lamba 9. Ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonta, kuma idan uwa tana ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da ta haifa zai iya gado, zai iya tsira, rabi da rabi ne. Ki kai shi sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, a auna sinadaran biyu.

Maganar ƙaho kuwa ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai an kawo mana yaro da tsaga jere a gwiwa, an ɗaure da tsumma ya jiƙe sharkaf, wai an cire mataccen jini. Jinin da ya kumbura gwiwar yana can cikin gaɓa, inda ƙaho ba ya kaiwa, don haka abin da aska ta yi kawai shi ne buɗe sabuwar ƙofa ga jinin da ba ya iya tsayawa da kansa. Wasu kuma mai ɗori suke kai wa, ya murza, ya ja, zubar ta ƙaru, har gaɓar ta sandare yaro ya koma ɗingishi. Daga nan a biya kemis a sayo asfirin ko ibuprofen, waɗanda suke ƙara hana jini tsayawa, a haɗa da maganin ƙarin jini da ba ya daskarar da komai.

Magani shi ne a mayar wa jiki sinadarin da ya rasa ta allurar jijiya, inda babu shi kuma a ƙara ruwan jini (plasma) da aka adana a ƙanƙare. Kafin ku isa asibiti, a hutar da ƙafar, a ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle, a ba shi parasitamol kaɗai. Kaciya za ta yiwu daga baya, a asibiti, bayan an yi masa allurar. Idan kansa ya bugu, ko babu rauni a fili, a kawo shi a ranar.