Hayaniyar cikin faifan ita ake saya

Yaron shago ne ya yi tambayar: "Maigida, cikin tsofaffin fayafayan da aka kawo akwai na kiɗan kantiri na Amurka waɗanda in an ɗora sai ka ji ihu da tafi da surutu, wani mawaƙin har muryarsa ta dushe. In zuba su cikin na araha? Kuma yaya ake gane mai kyau a irinsu?"

Kul ka zuba su cikin na araha. Jawo benci ka zauna.

Wanda ka ɗora ɗin nan, mai hoton fuskar mutum yana zufa, Johnny Cash ne, sunan faifan At Folsom Prison. A cikin kurkukun Folsom da ke jihar Kalifoniya aka ɗauke shi ranar 13 ga Janairun 1968, kuma masu ihun da ka ji fursunoni ne. Wasa biyu ya yi musu a ranar, kusan duk abin da ke faifan daga na farko aka ciro. Ba waƙoƙin kaɗai ne suka sa ake nemansa ba, domin da yawansu akwai su a wasu fayafayan situdiyo, tsaf-tsaf ba ko tari. Abin da ke tsakanin waƙa da waƙa shi ne kayan. Sake ɗorawa ka kasa kunne: za ka ji ya roƙi ruwan sha, za ka ji dariya ta ƙwace masa a tsakiyar wata waƙa mai ban tausayi har yana tuna wa mutane cewa naɗa ake yi, za ka ji ana kiran fursuna da lambarsa ta amsa-kuwwa. Mawaƙiya June Carter, wadda Cash zai aura, tana wurin, saura 'yan makonni su yi aure. Mai jitar da ke wannan bugu mai kama da tafiyar jirgin ƙasa, Luther Perkins, bai ga ƙarshen shekarar ba, gobara ce ta yi ajalinsa a watan Agusta. Waƙar ƙarshe kuwa, Greystone Chapel, wani fursuna mai suna Glen Sherley ne ya rubuta ta, yana zaune a sahun gaba bai san za a rera ta ba, Cash ma a daren jajibere ya koye ta. To wannan kake so ka haɗa da na araha?

Kai da ka tashi kana jin kaset ɗin Shata ka san bambancin wanda ya yi a ɗakin naɗi da wanda ya yi a filin wasa, inda maroƙi ke katse shi, ana liƙi, shi kuma yana sauya baiti saboda wani babban mutum ya shigo. Da wannan kunnen ake sauraron waɗannan.

Sai dai kada ka ɗauka duk abin da ka ji a faifai haka ya faru. A Folsom ɗin nan, sowar da ta tashi bayan baitin da yake cewa ya harbe mutum a garin Reno, daga baya aka liƙa ta a situdiyo. Fursunonin ba su yi ta ba, gandirobobi na tsaye a kansu, ba wanda ke son a ga yana murna da kisa. Wannan bai rage masa daraja a wurina ba, ɗinki ɗaya ne a riga sukutum. Abin da nake ƙi shi ne faifan da aka yi a ɗaki, aka zuba masa tafi, aka rubuta "live" a kwali, wato wai a gaban taro aka ɗauka. Gane shi ba wuya. Tafin yakan tashi iri ɗaya ya sauka iri ɗaya, wani lokaci har ka ji fito guda yana maimaituwa. Mawaƙin ba ya yi wa kowa magana. Muryarsa a bushe take kamar yana cikin ɗaki, alhali masu tafin suna da amon babban zaure. Sannan juya bayan kwalin: na gaskiya ba ya ɓoye sunan wuri, sau da yawa har da rana da sunayen makaɗa.

Bayan Folsom da shekara ɗaya, 24 ga Fabrairun 1969, ya yi At San Quentin a kurkukun San Quentin, gidan talabijin na Granada daga Ingila yana ɗaukar hoto. Wannan ya fi zafi, mutanen sun fi fushi. Ya rera musu sabuwar waƙa ta zagin kurkukun kansa, suka ce sai ya sake, ya sake nan take, kuma duka biyun suna faifan. Waƙar A Boy Named Sue kuwa daga takarda yake karanta ta, makaɗan suna binsa da lalube. Faifan ya fi na Folsom ciniki a kasuwa, amma ni Folsom nake ɗauka, don a can yana da abin da yake tsoro, tauraronsa ya dusashe kafin ranar. A San Quentin ya riga ya san ya dawo.

Kada ka tsaya a kurkuku. In ka ga Carnegie Hall Concert na Buck Owens, na Maris 1966, riƙe shi. Zaure ne na masu kwat da lakataye a New York, ga Owens da makaɗansa, mutanen garin Bakersfield, sun zo da jitocin lantarki, kuma ba su yi kuskuren da sai an gyara ba. Saurari yadda muryar makaɗinsa Don Rich ke hawa kan ta Owens. Merle Haggard, wanda shi kansa ya zauna a San Quentin har ya kalli wasan Cash yana fursuna, ya yi faifan Okie from Muskogee a garin Muskogee a 1969. Akwai Waylon Live na Waylon Jennings, an ɗauka a Dallas da Austin a 1974 amma sai 1976 ya fito. Akwai na Charley Pride a Panther Hall da ke Fort Worth, baƙar fata ɗan Mississippi a gaban taron Turawan Texas, yana zolayarsu da yadda mutane ke mamaki in sun ga mai muryar da suka saba ji a rediyo.

Wanda na fi jin ciwon in ya wuce ni shi ne Live at the Old Quarter na Townes Van Zandt. Ƙaramar mashaya ce a Houston, Yulin 1973, mutum ɗaya da jitarsa, ba ganga ba komai. Kafin ya fara, mai wurin yana faɗa wa mutane inda banɗaki yake. Shi kuma mawaƙin yana ba su haƙuri an kashe na'urar sanyaya ɗaki, ga zafi. Kana jin ƙarar kofuna, sai ya fara waƙa wurin ya yi tsit. Shekara huɗu naɗin yana ajiye kafin a fitar da shi a 1977. Wannan ba na mai gaggawa ba ne, kada ka ɗora wa wanda ya tsaya da babur a kunne.

Batun nema kuma, yawancin masu shigo mana, tsofaffin sojoji da malaman makaranta da direbobi, Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton suke tambaya, don su rediyo ya saba musu. Saboda haka irin waɗannan sukan kwanta a ƙasan akwati a gidajen tsofaffin ma'aikata, magada ba su san mene ne ba. In an kira ka ganin kaya, duba har ƙasa. Kada ka rikice in ka ga na Cash da tambarin CBS: Columbia ce ta buga a Amurka, amma bugun Ingila CBS ake rubutawa. Lambar da ke kan kwali da wadda aka zana kusa da ramin tsakiya, sa su a Discogs, shafin intanet na bayanan fayafayai, zai nuna maka wane bugu ne. Riƙe faifan ta gefe, karkata shi ga haske. Karcen da farce ke ji, allura ma za ta ji shi. Kuma kada hayaniyar taro ta ruɗe ka ka ce faifan lafiya lau, tafi yana rufe ƙarar karcen faifai, don haka gwada shi a waƙa mai sanyi. Wanda rana ta lanƙwasa, bar musu abinsu.

Abu na ƙarshe, tsohon faifai gefe guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai, shi ya sa aka yanke wasannin. Bugun CD na baya ya maido da abin da aka cire: Folsom a 1999, sannan a 2008 aka fitar da wasanni biyun duka, San Quentin da na Buck Owens a 2000. Mai son ajiya a gida, ba shi tsohon faifai da kwalinsa. Mai son jin yadda wasan ya gudana, faɗa masa gaskiya ya nemi sabon bugu, ko da ba mu da shi. Yanzu tashi ka ware su gefe guda, a tsaye za ka jera su, kada ka ɗora wani kan wani.