Wuƙar Aljihu: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini. Ka ce kana son wuƙa mai rufewa da za ka riƙa sakawa a aljihu kullum, ka zaga teburan 'yan koli a babbar kasuwar Garwa ka ga iri-iri har kanka ya ɗaure, wacce ce ta ƙwarai? Sannan ka ce, tunda mu maƙera ne, me ya hana mu ƙera abarmu?

Ta biyun zan fara amsawa, don amsar ta farko tana cikinta. Ruwan wuƙa ba ya gagarar mu. Kai kanka in na ba ka guntun sifirin mota yau, za ka buge shi, ka fitar da tsini, ka gasa ya yi ja ka tsoma a mai, ka miƙo mini wuƙar da mahauci zai shekara yana fawa da ita. Wahalar wuƙa mai rufewa a gaɓarta take: ramin da ƙusa ke bi, ita ƙusar, da abin da ke riƙe ruwan ya tsaya cak in an buɗe. Ramin ya ɗara ƙusa ko da kaurin gashi ne, wuƙa ta fara girgiɗi ke nan, kuma girgiɗi ƙaruwa yake yi, ba ya raguwa. Hannu da magagari za su iya wannan aiki, amma kwanakin da zai ci maka sun fi kuɗin wuƙar. Shi ya sa muke saye. In kuwa saye za ka yi, idonka ya fara sauka a gaɓa tun kafin ka dubi ado.

Ka karɓa ka buɗe ta har ƙarshe. Kama ƙota da hannu ɗaya, ka kama bayan ruwan da yatsu biyu, ka motsa shi dama da hagu, sannan sama da ƙasa. Motsin dama da hagu, in kaɗan ne, yana gyaruwa. Na sama da ƙasa kuwa, ajiye masa kayansa, makullin ne bai zauna ba. Ka rufe ta ka leƙa: ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota, ko yana gugar gefe guda? Ka shafa yatsa a bakin ƙota wajen tsini. In ka ji tsinin ya leƙo, wata rana za ka zura hannu aljihu neman canji ka fito da jini. Daga nan ka sake buɗewa, ka janye yatsunka daga hanyar kaifi, ka danna bayan ruwan a jikin katakon teburin da ɗan ƙarfi. Wuƙa mai makulli in ta naɗe a nan, a kan yatsunka za ta naɗe ranar da kake yanka igiyar buhu. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama ka wuce gaba.

Abin da ke riƙe ruwa iri-iri ne. Akwai mai sifirin kawai a baya, ba makulli. Wannan ka saurari ƙarar da take yi in ta buɗe da in ta rufe, ƙara mai kauri kake so, kas! Akwai mai makulli a baya wanda ake dannawa da babban yatsa. Akwai mai ɗan falle a cikin ƙota da ke zamewa ya tokare gindin ruwan, shi ya fi yawa a sababbin da ke shigowa daga Sin. Wannan ka leƙa ka ga inda fallen ya tsaya. In da ƙyar ya taɓa gindin ruwan, zai zame; in ya tsallaka har ya jingina da ɗaya gefen tun tana sabuwa, ba shi da sauran wurin da zai ci. Akwai kuma mai zobe, kamar Opinel ta Faransa, wadda ake murza zoben ya kulle. Tun 1890 Joseph Opinel ya fara ƙera ta a yankin Savoie, zoben kuma sai a 1955 aka ƙara mata. Ba sifirin a cikinta sam, saboda haka ba abin da zai gaji ya karye. Ni wannan sauƙin nake so a wuƙa.

Ga wani abu da maƙeri ya kamata ya lura da shi fiye da kowa. Wasu da ƙusa aka haɗa su, wasu da ƙananan sukurori masu kan tauraro. Mai ƙusa in ta saki, ka ɗora ta a uwar maƙera, ka bubbuga kan ƙusar a hankali da ƙaramar guduma, kana buɗewa kana gwadawa, sai ta dawo daidai. Kada ka yi gaggawa, bugu ɗaya mai ƙarfi zai sa ta ƙi buɗuwa. Mai sukurori kuwa sai da abin kwancewa irin nata, kuma ranar da guda ya warware ya faɗi cikin yashi, sai ka zaga gari ba ka sami madadinsa ba.

Yanzu ƙarfen. Iri biyu za ka tarar. Baƙin ƙarfe irin namu, wanda a kan wuƙaƙen Faransa ake rubuta Carbone, da wanda ba ya saurin tsatsa, mai rubutun Inox. Na biyun an gauraya shi da sinadarin kuromiyam, a wuƙaƙe wajen kashi 13 cikin 100, shi ke tare masa tsatsa. Baƙin ƙarfe yana karɓar washi nan da nan a kowane dutse, kaifinsa kuma yana da laushin yanka. Amma ka yanka lemun tsami ko albasa ko mangwaro, kafin la'asar ya yi dishi-dishi, ya koma ruwan toka. Wannan ba aibu ba ne, kada ka goge shi, yana ɗan kare ƙarfen ma. Jan tsatsa ne abokin gaba, shi ke cin rami. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: in ka zaɓi baƙin ƙarfe ka ɗauki alkawarin share shi ya bushe duk lokacin da ka gama aiki. Masunci a Lagdo, wanda hannunsa ke cikin ruwa da kifi tun asuba, Inox zan ce ya saya ba tare da wani dogon tunani ba. Kai da kake wuni a gaban wuta, ga dutsen washi a gefenka, baƙin ƙarfe ya fi dacewa da kai.

Sai dai rubutun Inox shi kaɗai ba shaida ba ne. Mafi yawan masu ƙyallin nan, masu zanen damisa da ramuka a jiki, ƙarfensu bai sha wuta yadda ya kamata ba. Ba sa tsatsa, gaskiya ne, amma ba sa riƙe kaifi. Ka wasa da safe, ka fere rake guda, ta dakushe. In ta zama taka, ɗora magagari mai laushi a kusa da gindin kaifi ka ja sau ɗaya. Ƙarfen da ya taurara daidai, magagari zamewa yake yi ko ya ɗan kama da ƙyar. In ya nutse yana fitar da gari, ka san abin da ka saya. Kuma ka dubi kaurin ruwan. Yara suna son mai kauri, suna ganin shi ne ƙarfi. Mai kauri tsaga albasa yake yi, ba ya yanka ta. Aikin aljihu, wato igiya, goro, kwali, fere fensir, yanka kilishi, duk siririn ruwa suke so.

Sunayen da na yarda da su ba su da yawa. Opinel mai lamba 8, ruwanta santimita 8 da rabi, ta ishe ka komai na yini. Ka nemi tambarin hannu mai kambi a jikin ruwan. Laifinta ɗaya, ƙotar itace ce. A watan Agusta, in Binuwai ya cika iska ta yi laima, itacen yana kumbura ya riƙe ruwan gam. Kada ka sa farce ka yi ta ja. Juya ta ka buga ƙarshen ƙotar a katako, tsinin zai leƙo da kansa. Da hunturu ya shigo za ta saki. Akwai Okapi, mai ɗan zobe a baya da ake ja kafin ta rufe. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902, don kasuwannin ƙasashen da Jamus ke mulka a Afirka, lokacin Kamaru na cikinsu. Sai a 1915 sojojinsu suka sallama Garwa. Daga 1988 a Afirka ta Kudu ake ƙera ta. Sau da yawa tana zuwa ba kaifi sosai, amma minti kaɗan a dutse ya wadatar. Akwai Douk-Douk, daga garin Thiers na Faransa tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke, shafal take a aljihu, ba ruwanta da damina. Ba ta da makulli, sifirin ne mai ƙarfin gaske, don haka ka kula da yatsunka wajen rufewa. Ita kuma Victorinox ta Suwizalan, ja mai almakashi da abin buɗe gwangwani, ta gaske aikinta tsaf ne, amma jabunta sun cika tebura. Buɗe almakashin ka yanka zare. Na jabu tauna zaren yake yi.

Tsawon ruwa kada ya wuce faɗin tafin hannunka da yawa. Ka san yadda hanyoyinmu suke tun da rashin tsaro ya addabi yankin Arewa Mai Nisa. Daga Marwa zuwa Kusuri shingen jandarmomi ba ya ƙirguwa, kuma ƙaramar wuƙa mai ƙotar itace da ake fere mangwaro da ita ba ta jawo tambayar da doguwa baƙa mai fitowa da danna maɓalli take jawowa. Irin wannan ta maɓalli ban yarda ka shigo mini da ita maƙera ba. In jirgin sama za ka hau, kowace iri ce, a babbar jaka ake saka ta, ba a aljihu ba. Kuma kada in ji ka kai wuƙar aljihu wuyan rago. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Gajeren ruwa mai gaɓa wahalar da dabba yake yi, layya tana da wuƙarta.

Kada ka ɓamɓare murfin fenti da ita, kada ka kwance sukuru da tsininta. Yawancin waɗanda ake kawo mana gyara, tsini ne ya karye ta wannan hanya.

Mai kuma kaɗan ake sawa. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gaɓa, ka buɗe ka rufe, ka share abin da ya fito. In ka cika mai, ƙurar hunturu za ta manne, ta haɗu da shi ta riƙa cin ƙusa a hankali. Lokaci-lokaci ka sa tsinken tsintsiya ka zaƙulo dattin aljihu daga cikin ƙota, musamman inda makulli ke zama, don ɗan ƙullin auduga ya isa ya hana shi kamawa.

Wajen washi, tsayar da ruwan a miƙe a kan dutse, ka kwantar da shi rabi, ka sake kwantar da rabin wannan. Ka zo kusa da digiri 20 ke nan. Riƙe hannunka a haka kada ya yi rawa. Ka yi ta ja a gefe ɗaya har ka ji wani siririn leɓen ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. In bai fito ba, ba ka kai bakin kaifi ba tukuna, ko ka wuni kana gogawa. Ka ƙarasa a bayan fata, yadda wanzami ke yi wa aska, har leɓen ya faɗi. Injin washi na lantarki kuwa bar shi ga gatari da fartanya. Siririn kaifi ba ya jure zafinsa. Da ka ga bakin ya yi shuɗi, taurin wurin ya tafi, sai an cinye ƙarfen har a wuce inda ya ƙone kafin ta sake riƙe kaifi.