Yawan fitsari ya buɗa hanyar ƙodar ƙanena: shin sai an yi masa tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya yi haɗarin babur shekara 3 da suka wuce, ya bugu a kai, tun daga nan yake kwana yana fitsari da shan ruwa. An auna suga babu. Yanzu hoto ya nuna ƙodojinsa da bututun fitsari sun buɗe, an ce yana da dayabitis insifidos. Mahaifiyarmu ta fara ɓoye masa randa da dare, wani kuma ya ce sai tiyata. Hankalinmu a tashe yake. Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dayabitis insifidos cuta ce da ƙoda ke kasa riƙe ruwa, ba ciwon suga ba ce. Bugun da ya samu a kai shi ne mai yiwuwa ya taɓa fituwitari, wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda ake sakin homon (sinadarin jiki) basofiresin mai sa ƙoda ta riƙe ruwa. Idan babu shi, fitsari yakan haura lita 3 a yini, wasu har lita 15. Mafitsara da bututun da suka shekara suna ɗaukar wannan ambaliya dole su miƙe su yi faɗi, ko da babu abin da ya toshe hanya. Saboda haka ba a gaggawar yanka. Likitan mafitsara zai fara tabbatar da cewa babu toshewa, kuma sau da yawa faɗin yakan ragu idan fitsarin ya dawo daidai.

Amma maganar randa ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na gamu da ita. Ku roƙi Hajiya ta mayar da ruwan nan yau. Mutane suna ɗauka cewa yawan shan ruwa ne yake kawo fitsarin, alhali fitsarin ne yake jawo ƙishirwar. Ko an hana shi ruwa, ƙodarsa ba za ta daina zubarwa ba. Sai jikinsa ya bushe, gishirin sodiyam ya hau a jini, ya fara ruɗewa, ya suma, kuma cikin zafin Maris da Afrilu wannan ba ya buƙatar kwanaki. Ƙishirwar da kuke gani tana wahalar da shi ita ce take riƙe da ransa. Ga masu lasifika a tasha da ke kiran kowane fitsari sanyi, suna ɗura wa bayin Allah jiƙe-jiƙe. Ga masu kemis da ke jin kalmar dayabitis su miƙo maganin suga, wanda ba shi da alaƙa da wannan cuta. Batun azumi ma kada ya yanke shi shi kaɗai, sai ya zauna da likitansa.

Maganin shi ne desmofiresin, wanda ake sayarwa da sunan Minirin, ƙwaya ko feshin hanci. Da zarar ya fara sha, doka ta juya: ya sha ruwa idan ya ji ƙishirwa kawai, domin idan ya ci gaba da kwankwaɗa bisa sabo, ruwan zai taru, sodiyam ya faɗi, ciwon kai da amai da farfaɗiya su biyo baya. Shi ya sa ake auna jini a kai a kai. Idan kuma gwaji ya nuna ƙodar ce ba ta jin homon, wannan magani ba zai yi tasiri sosai ba, sai a koma ga rage gishiri da wasu ƙwayoyi.

Ku kai shi asibitin koyarwa na Shika, ku nemi sashen cututtukan homon, a duba sauran homon na fituwitari. Kafin nan ya riƙa fitsari kowane awa 2 ko 3 ko bai matsu ba, kuma idan zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya zo, kada ku jira ranar ganin likita.