Amsa ga mai tambaya kan kalmomin da likita ya rubuta wa Baba: MND, bulba, FVC da PEG

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya saka muku da alheri kan hidimar da kuke yi masa. Kin ce likitan jijiyoyi ya rubuta masa MND, ya ce ciwon ta "bulba" ya fara, an auna FVC an sami kashi 70, har an soma maganar PEG, kuma 'yan gida suna ganin an yi gaggawa tunda Baba yana ci da bakinsa. Ba a yi gaggawa ba, kuma dalilin yana cikin waɗannan kalmomin.

MND na nufin ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi, wato masu kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Hawa biyu suke. Na sama, da ake rubutawa UMN, suna tashi daga ƙwaƙwalwa su sauka cikin laka. Na ƙasa, LMN, suna fita daga laka su shiga tsoka. Idan na sama suka lalace sai gaɓa ta sanƙare, likita ya buga gudumar roba a gwiwa ƙafar ta zabura fiye da ƙima; sanƙarewar ita ce "spastisiti". Idan na ƙasa ne, sai tsoka ta rame ta yi laushi, a riƙa ganin tana rawa ƙarƙashin fata ko a kan harshe. Ramar ita ce "atrofi", rawar kuma "fasikuleshan". Su na ƙasan ne cutar shan inna take kamawa, shi ya sa ƙafar yaro take shanyewa ta tsotse. In alamun hawa biyun suka haɗu a jikin mutum ɗaya, sunansa ALS, kuma shi ya fi yawa. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana shi a 1869, a Amurka kuma ana kiransa da sunan ɗan wasa Lou Gehrig da ya rasu da shi a 1941. PLS na sama ne kaɗai, PMA na ƙasa kaɗai, kuma galibi sun fi tafiya a hankali. EMG gwajin nan ne da ake soka siririyar allura cikin tsoka a karanta wutarta. Hoton MRI kuwa don a kawar da wasu cututtuka ne, kamar matsewar laka a wuya.

Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, domin ita rana ɗaya take faɗowa, wannan kuwa rarrafe yake yi. Ba a ɗaukarsa, kuma wajen tara cikin goma ba gado ba ne. Za a kawo muku labarin masanin kimiyya Stephen Hawking da aka gano masa ciwon a 1963 ya kai har 2018. Kada ku auna Baba da shi. Yawanci shekara biyu zuwa biyar ne daga fara alamu, kimanin ɗaya cikin goma ke wuce shekara goma, mai farawa ta bulba kuma ya fi sauri. Rai na hannun Allah, amma shiri da wannan lissafin ake yinsa.

Bulba shi ne gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda ta haɗu da laka, kuma daga nan jijiyoyin harshe, leɓe da maƙogwaro suke fitowa. Nauyin harshe wajen magana shi ne "disatriya", wahalar haɗiya "disfajiya", dalalar yawu "siyaloriya". Wadda ta fi su haɗari ita ce "aspireshan", wato abinci ko ruwa ya kauce ya bi hanyar huhu, daga nan sai ciwon huhu. Mutane suna zaton ruwa ya fi komai sauƙin haɗiya. Akasin haka ne: ruwa tsinkakke yana gudu ya riga maƙogwaro rufewa. Kunu mai kauri, koko, fura da aka dama sumul ba gaya, sun fi aminci. A guji abin da ke warwatsewa a baki kamar gyaɗa, dambu da busasshen burodi, da abin da ya haɗa ruwa da guntaye a loma ɗaya. A zaunar da shi a miƙe, haɓa ta ɗan yi ƙasa, ƙaramin cokali, ba hira lokacin ci, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30. Tari a kan abinci, murya ta jiƙe kamar mai kurkure baki, ko zazzaɓi bayan ya ƙware, duk a sanar da likita.

Yawun nan ba ƙaruwa ya yi ba, haɗiyarsa ce ta ragu. Ana ba da filastar hyoscine a bayan kunne a canza duk awa 72, ko ɗigon atropine ƙarƙashin harshe, ko glycopyrrolate. In aka zarce, yawun ya yi kauri ya maƙale a maƙogwaro, bayan gida ya yi tauri, tsofaffi ma sukan rikice. Don haka likita ne zai daidaita, kuma ƙaramin injin tsotsar yawu yana da amfani ƙwarai a gida. Idan kuma kika ga Baba yana fashewa da kuka ko dariya babu dalili, ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba. Birkin da ƙwaƙwalwa ke yi wa fuska ne ya saki, kuma akwai magani. Jinsa da ganinsa suna nan, yana jin taɓawa da zafi. Kimanin rabin masu ciwon kan sami ɗan sauyi a tunani ko hali, kaɗan ne ke kaiwa ga ciwon gushewar tunani da sauyin hali da ake kira FTD. Don Allah kada a riƙa maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin.

Yanzu FVC. Yawan iskar da mutum zai iya hurowa da ƙarfi ke nan bayan ya cika ƙirjinsa, a kwatanta da abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsayinsa. Huhun Baba lafiya lau yake. Tsokar da ke raba ƙirji da ciki, mai jawo numfashi, ita ke rauni. A riƙa auna shi duk wata biyu zuwa uku, a zaune da kuma a kwance, domin na kwance ya fi tona raunin. Mai raunin leɓe ba ya iya damƙe bututun awo, iska ta zurare lambar ta fito ƙasa da gaskiya, don haka a nemi a yi da takunkumi ko a yi SNIP, wanda ta hanci ake shaƙa. Da daddare matsalar take fara bayyana: ciwon kai da asuba, gyangyaɗi da rana, yawan farkawa, kasa kwanciya rigingine sai an tara matasai. Gurɓatacciyar iska ce ke taruwa a jini. Maganinta NIV, injin BiPAP mai tura iska ta takunkumi, wanda ake farawa idan FVC ya yi ƙasa da kashi 50, ko tun kafin nan in alamun sun fito, kuma ana son aƙalla awa huɗu kowane dare. Ki riƙe wannan da kyau: kada a saya masa tukunyar oksijin a gida don an ga yana haki. Oksijin shi kaɗai na iya rage masa ƙoƙarin numfashi, gurɓatacciyar iskar ta ƙara taruwa, ya yi barcin da ba a so. Kafin injin ya shigo gida a tanadi batir ko sola da zai riƙe shi dare guda in an ɗauke wuta.

PEG roba ce da ake sawa ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi, da taimakon kyamarar da ake zurawa ta baki. RIG ita ma haka take, amma da hoton eksire ake sa ta. Aikin yana buƙatar ya kwanta a ba shi maganin kwantar da jiki, kuma haɗarinsa yana hawa idan FVC ya sauka ƙasa da 50. Na Baba yana kashi 70. Ƙofa a buɗe take yanzu, in aka jira sai ya kasa ci gaba ɗaya, a lokacin ƙirjin ma ya raunana jiki ya ƙare. Sa robar ba ta hana shi cin abin da yake marmari da baki. Ta nan ne ruwa, magani da ragowar abinci za su bi. Ku sayi sikeli ku riƙa auna shi duk mako biyu. Mai kilo 70 in ya zubar da kilo uku da rabi, kashi 5 ke nan, kuma daga nan ake ɗaukar maganar da muhimmanci. Haka ma in kwano ɗaya yana cin fiye da rabin awa. Bayan an sa, a wanke robar da ruwa mililita 30 zuwa 50 ta sirinji kafin abinci ko magani da bayansu, in ba haka ba za ta toshe.

Riluzole shi ne maganin da aka fi bayarwa, miligiram 50 sau biyu a rana, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Ba ya warkarwa, 'yan watanni yake ƙarawa, kuma sai an riƙa gwajin hanta duk wata a watanni ukun farko. Akwai edaravone da Amurka ta amince da shi a 2017, da tofersen a 2023 wanda na masu matsalar ƙwayar gado ta SOD1 ne kawai. Duk wanda ya ce zai warkar da ciwon baki ɗaya in kun biya, ku riƙe kuɗinku don injin numfashi. ALSFRS-R tambayoyi 12 ne na auna abin da jiki ke iya yi, maki 48, saurin saukar makin ake dubawa. In an ambaci "faliyetib", ba sallama aka yi muku ba, sashen rage wahala ne, kuma gara su shigo da wuri.

Tun muryarsa tana fita, ku ɗauki maganarsa a waya, ku rubuta haruffa da 'yan buƙatu a kwali, da boko ko ajami, wanda ya fi sabawa da shi, ku kuma tsayar da alamar "i" da "a'a" ta ƙifta ido. Sannan a zauna da shi da likita a tambaye shi ra'ayinsa kan PEG, kan BiPAP, da kan hujin maƙogwaro da ake kira "tirakiyostomi" in numfashi ya ƙi, a rubuta abin da ya ce da bakinsa, babban yaya da Mama suna wurin.